Amoksisilin: kafson da ake ba mutum, ake ba kare, amma yake iya kashe zomo

Da wuya ka binciki gida a Kano ko Zariya ko Maraɗi ka rasa ragowar kafso a cikin kwalla, ko a saman firiji, ko a aljihun wata tsohuwar riga. Mafi yawan lokaci amoksisilin ne. Shi ake nema idan haƙori ya tashi, shi ake ɗura wa yaro idan ya kwana tari, wasu ma shi suke fasawa a ruwan kaji. Magani ne mai kyau kuma mai araha, sai dai irin riƙon da muke yi masa yana cinye ƙarfinsa a hankali.

Shi amoksisilin ɗin mene ne?

Jikan fenisilin ne. Alexander Fleming ya gano fenisilin a 1928 a asibitin St Mary's da ke Landan, lokacin da ya lura cewa wata fumfuna da ta fito a farantin gwajinsa ta hana bakteriya yaɗuwa a kewayenta. Daga baya masana a kamfanin Beecham na Ingila suka riƙa gyara ginin maganin, suka fitar da ampisilin a 1961, sannan amoksisilin a 1972. Fifikonsa a kan yayansa ampisilin shi ne hanji ya fi tsotse shi, kuma ko ka ci abinci ko ba ka ci ba yana shiga jini yadda ya kamata. Amoxil da kake gani a jikin kwali sunan kasuwa ne kawai, abin da ke ciki ɗaya ne. Ampiclox kuwa wani abu ne daban, haɗin ampisilin da kuloksasilin.

Yaya yake kashe ƙwayar cuta bai taɓa mai shan sa ba?

Kowace bakteriya tana da katanga da ta kewaye ta, kamar ganuwar gari, kuma duk sanda za ta rabu biyu sai ta yi sabon gini. Amoksisilin yana kama maginan ne ya ɗaure. Katanga ta yi rauni, ruwa ya kwararo ciki, ƙwayar ta kumbura ta fashe. Ƙwayoyin jikin mutum da na dabba ba su da irin wannan katangar, don haka maganin ba ya samun abin kamawa a jikinsu.

Bairos ma ba shi da ita. A nan ne yawancin ɓarnar take. Mura, da yawancin tarin hunturu, da ƙyanda, da ƙarambau duk aikin bairos ne, ko katan guda ka shanye ba abin da zai yi musu. Majina ta koma kore ko rawaya ba hujja ba ce cewa bakteriya ta shigo, haka mura take yi idan ta kwana biyu. Zazzaɓin cizon sauro shi ma ba hurumin amoksisilin ba ne, ƙwayarsa wata halitta ce daban.

To, a ina yake da amfani?

Babban aikinsa a ƙasashenmu shi ne namoniyar yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a matsayin maganin farko, kuma akwai nau'in ƙwaya mai miligiram 250 da ake narkarwa a cokalin ruwa ko na nonon uwa, wadda ba ta buƙatar firiji. Alamar da ake koya wa ma'aikatan lafiya na ƙauye kowace uwa za ta iya riƙewa: a ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance cikin natsuwa. Ɗan wata 2 zuwa 11 idan ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 idan ya kai 40, ko aka ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, a nufi asibiti a ranar.

Ana ba da shi kuma a ciwon kunne na yara, da ƙurjin haƙori kafin a kai ga likitan haƙori, da ciwon maƙogwaron da bakteriya ta kawo. Wannan na ƙarshen kwana 10 ake yi ana sha, ko da zafin ya tafi a kwana na uku, domin ƙwayar da aka bari tana iya jawo ciwon da ke lalata ƙofofin zuciyar yaro bayan shekaru. Masu gyambon ciki ma sukan same shi a cikin haɗin magani uku ko huɗu na kimanin mako biyu, tunda an tabbatar wata bakteriya ce ke haddasa yawancin gyambon. Shi kaɗai ba ya isa a can.

Akwai wurin da masana kansu ke jayayya. Ana ba yara masu tamowa amoksisilin ko da ba a ga alamar wata cuta ba. Wani bincike a Malawi da aka fitar a 2013 ya nuna hakan na rage mutuwa. Wani kuma da aka yi a Madarunfa ta jihar Maraɗi a kan yara fiye da 2,000, aka fitar a 2016, bai ga wani bambanci na a-zo-a-gani a yawan waɗanda suka warke ba, kodayake waɗanda suka sha ba su kai sauran yawan kwanciya a asibiti ba.

Me ya sa wasu ke cewa yanzu ba ya ji?

Domin a wasu cututtukan gaskiya ne. Na taɓa tsayawa a wani kemis na unguwa da magariba, wani matashi ya shigo ya ce, “Malam, a ba ni kafso biyu, jikina ne ba daɗi.” Mai shagon bai tambaye shi komai ba. Ya ɗauko almakashi ya yanko biyu daga jikin sacet, ya haɗa da farasitamol ya ƙulla a leda. Matashin ya kora ɗaya da fiyawata tun a bakin ƙofa.

Kafso biyu ba su warkar da komai. Abin da suke yi shi ne su kashe ragwayen ƙwayoyin su bar masu taurin kai, an kashe maciji ba a sare kai ba. Waɗanda suka tsira su hayayyafa, kuma bakteriya tana da wata ɗabi'a ta miƙa wa maƙwabciyarta dabarar da ta koya, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Babbar dabarar ita ce fitar da wani sinadari mai datse maganin kafin ya iso katanga. Shi ya sa a 1981 aka fito da Augmentin, inda aka haɗa amoksisilin da wani ɗan rakiya mai suna kilabulanik, aikinsa ya tare wancan sinadarin mai datse maganin. Shi ma ɗin yanzu ana samun ƙwayoyin da suka fi ƙarfinsa.

Fleming ya hango wannan. A jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 ya yi gargaɗin cewa ranar na zuwa da kowa zai iya sayen fenisilin a kanti, wanda bai sani ba ya sha ƙasa da kima, ya koya wa ƙwayar cuta jurewa. Wani babban bincike da aka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina asara.

Yau likita ba ya dogara da amoksisilin shi kaɗai a ciwon mafitsara, ko taifot, ko ciwon sanyin da ake ɗauka ta jima'i, sai in gwaji ya nuna zai yi. Matan da ke shan sa saboda ƙaiƙayin gaba kuwa sau da yawa ana maganin ƙaba ne kai na kumbura: maganin yana kashe bakteriya masu amfani da ke tsaron wurin, ƙaiƙayin ya ƙaru. Kuma a faɗa a fili, ko shi ko Ampiclox ba sa hana ɗaukar ciki.

Yaya ake shan sa daidai? In azumi ne fa?

Babba ya fi samun miligiram 500 sau uku a rana, amma adadin da yawan kwanakin likita ne ke yankewa, yaro kuwa da nauyinsa ake aunawa. “Sau uku” na nufin kusan kowace awa takwas. Ƙoda tana fitar da maganin da sauri, cikin awa ɗaya da 'yan mintuna rabin abin da ke cikin jini ya tafi, don haka wanda ya sha ukun tsakanin magariba da sahur ya bar wunin nan gaba ɗaya ba mai gadi. Mai azumi ya gaya wa likita tun farko, domin akwai tsarin sau biyu a rana da zai iya dacewa da sahur da buɗa-baki. In ba zai yiwu ba, addini ya riga ya yi wa marar lafiya rangwame.

Na garin da ake haɗa wa yara a kwalba shi ya fi shan wahala a hannunmu. A tafasa ruwa a bar shi ya huce sarai, a girgiza garin ya saki, a zuba ruwa zuwa daidai layin da ke jikin kwalbar, kada a ƙara don ya yi auki. A auna da murfi ko cokalin da ya zo da shi, tunda cokalin shayi kowane gida da girman nasa. Bayan an haɗa, kwana 14 ne iyakarsa, wasu kamfanonin ma 7 suke rubutawa, irin na Augmentin kuma dole sai da sanyi. Inda babu wuta, gindin randa ya fi saman taga. Wanda ya rage a zubar, kada a ajiye wa ƙaninsa. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kankare a tura lambar.

Wa bai kamata ya sha ba?

Duk wanda fenisilin ko danginsa ya taɓa sa wa borin jini mai tsanani. Kumburin leɓe ko fuska, shaƙewar numfashi, ƙuraje masu tashi kamar an zane mutum da bulala, ko jiri jim kaɗan bayan an sha, wannan ba abin jira ba ne, a daina a ruga asibiti. Ɗan zawo ko tashin zuciya kuwa an saba gani, yakan wuce, sai in zawon ya yi yawa ko ya zo da jini. Mai ciwon ƙoda da mai shan maganin tsinka jini su faɗa wa likita. Mai ciki da mai shayarwa ana ba su idan da buƙata.

Gaskiya ne shi ɗin dai ake ba kare da kyanwa?

Shi ne, ba cinya ba ƙafar baya. Likitocin dabbobi suna ba da shi a raunin da ya yi ruwa, da ƙurjin da kyanwa ke samu bayan faɗa, da ciwon baki da na fata. Haɗin nan irin na Augmentin sunansa Synulox ko Clavamox a wajen dabbobi. Bambancin yana wurin awo. Kyanwa yawanci kilo uku zuwa biyar ce, kafso ɗaya na babban mutum ya ninka abin da take buƙata sau da yawa. Sannan dabba ba ta faɗin inda ke mata ciwo. Ɗan kwikwiyon da ke amai da zawon jini sau da yawa bairos ne ya kama shi, abin da zai cece shi ƙarin ruwa ne a asibitin dabbobi, abin da zai kare 'yan'uwansa kuma rigakafi. Tunda ana maganar ba dabba maganin mutane: farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

To zomo fa?

Kul. Wani maƙwabcina yana kiwon zomaye a bayan gida, ya ga ɗaya tana atishawa, ya fasa kafso a kaskon ruwan da dukkansu ke sha. Kwana uku ba a ga komai ba, har yana murna. Daga nan suka daina taɓa ganye, ciki ya kumbura, zawo ya ɓalle, yana kwashe su ɗaya bayan ɗaya da safe. Zomo da ɓeran Masar suna rayuwa ne da taimakon bakteriyar da ke narka musu ciyawa a hanji. Amoksisilin da aka sha ta baki yana share waɗannan masu amfanin, wata muguwa da ba ta jin sa ta mamaye wurin ta zuba guba. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, amma a nan mai kiwon ne duka biyun.

Kaji da awaki da shanu?

Akwai amoksisilin na dabbobin kiwo, na zubawa a ruwa da na allura. Manyan dabbobi masu tuƙa an fi yi musu allura, domin na baki yana dagula tumbinsu. Annobar Niyukasil da ke share akurki da hunturu bairos ce, kafso ba ya tare ta, rigakafinta kuwa cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin sa.

Abin da aka fi takewa shi ne kwanakin jira. A jikin kowace kwalba an rubuta kwana nawa za a bari kafin a yanka dabbar ko a sha nononta. Saniyar da aka yi wa allura jiya aka tatsa yau, nononta na ɗauke da magani, har yakan sa kindirmo ya ƙi kamawa, tunda bakteriya ce ke kwantar da shi. Wanda ya sha ya sami ɗan guntun maganin da bai kai kima ba, ba tare da ya sani ba.

Idan kare ko kyanwa ta ciji mutum, ya sha amoksisilin ya wadatar?

A'a. Cizon kyanwa ƙaramin rami ne mai zurfi, yana saurin yin ruwa musamman a hannu, kuma likita yakan ba da haɗin amoksisilin da kilabulanik saboda ƙwayoyin da ke bakin dabbar. Amma wannan rauni kawai yake tsarewa. Haukan kare bairos ne, babu antibayotik ɗin da ke taɓa shi, kuma da zarar alamunsa sun bayyana kusan ba a tashi. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, kada a ɗaure, kada a tsaya neman gashin karen, a je asibiti a ranar a fara allurar rigakafin haukan kare, a kuma tambayi ta tetanus.