Waiwaye: Yadda Ɗage Zaɓen Ƙananan Hukumomi Ya Zama Jiki

Duk lokacin da aka ji sanarwar ɗage zaɓen ƙananan hukumomi, ko aka soke wanda aka riga aka sa wa rana, muhawara iri ɗaya ce ke tashi a gidajen rediyo da majalisun unguwa da shafukan Facebook. Wasu su ce an tauye wa talaka haƙƙinsa na zaɓar wanda zai wakilce shi. Wasu su ce ai ko an yi zaɓen ba abin da zai canza, gara a bar kuɗin a yi magudanar ruwa. Haka ma idan kansila ya rasu ko ya sauka, sai a ji mutanen gundumarsa suna tambayar yaushe za a yi zaɓen cike gurbi, wani lokaci kuma amsar ba ta zuwa har wa'adin majalisar ya ƙare. Tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 kan 'yancin ƙananan hukumomi da kuɗinsu, maganar ta ƙara zafi, har matasa da yawa suna ɗauka sabuwar matsala ce. Ta girmi da yawa daga cikin masu muhawarar.

Tarihin farko sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. A Arewa mulkin En'e aka gada, sarki da hakimi da dagaci da mai unguwa. Gyaran 1976 ya kawo tsari ɗaya ga ƙasar baki ɗaya, aka kafa ƙananan hukumomi 301, aka yi zaɓe a ƙarshen shekarar. Abin da bai kamata ɗan Arewa ya manta ba shi ne, a wannan zangon ne aka amince wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, abin da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ɗauri a kansa tun zamanin jam'iyyar NEPU. Ta ƙofar ƙaramar hukuma 'yancin ya shigo wa iyayenmu mata. A Jamhuriya ta Biyu mafi yawan ƙananan hukumomi a hannun naɗaɗɗu suka zauna. Sojoji suka dawo, aka yi zaɓe ba jam'iyya a Disamba 1987, aka yi na jam'iyyun SDP da NRC a Disamba 1990 inda aka bi layi a bayan ɗan takara ko hotonsa, sannan na 1996 da 1997. Adadin ƙananan hukumomi ya kai 589 a 1991, ya kai 774 a 1996, inda yake har yau.

Sai zaɓen 5 ga Disamba 1998. Hukumar zaɓe ta ƙasa ce ta gudanar da shi a rana ɗaya a duk faɗin Nijeriya, kuma da sakamakonsa aka auna ƙarfin jam'iyyun da ke neman rajista, har PDP da APP da AD suka tsallake. Wato zaɓen kansila da ciyaman ne harsashin Jamhuriya ta Huɗu. Dokar soja mai lamba 36 ta 1998 ta ba waɗanda aka zaɓa wa'adin shekara 3, suka kama aiki a tsakiyar 1999. Lissafi mai sauƙi ya nuna cewa a Mayu 2002 za su sauka.

A nan ne nake ganin ya kamata a tsaya, domin shekara biyun da suka biyo baya su ne ba a cika ambata ba, alhali a cikinsu aka ƙulla abin da muke fama da shi.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya yi wa ƙaramar hukuma alkawari mai nauyi a sashe na 7: ya ce ya tabbatar da mulkin ƙananan hukumomi ta hannun majalisun da jama'a suka zaɓa. Amma bai faɗi shekara nawa majalisar za ta yi ba, bai kuma faɗi lokacin da dole a yi zaɓe ba. A kwatanta da sauran kujeru. Shugaban ƙasa, gwamna, sanata, ɗan majalisar wakilai da na jiha, kowa an rubuta masa shekara 4, an kuma rubuta tazarar kwanakin da za a yi zaɓe kafin wa'adi ya cika. Har zaɓen cike gurbi an yi masa tanadi: sashe na 76 da na 116 sun ce idan kujerar ɗan majalisa ta zama babu kowa, a cike ta cikin kwana 30, in dai ba dab da ƙarewar wa'adin majalisar ba ne. Kansila bai samu ko layi ɗaya irin wannan ba. An bar lamarinsa ga dokar kowace jiha.

Akwai kuma giɓi na biyu, wanda ya fi ɓoyuwa. Sashe na 197 ya kafa hukumar zaɓe a kowace jiha, ita ce mai shirya zaɓen ƙananan hukumomi. Amma rajistar masu zaɓe ba a hannunta take ba, tana hannun hukumar ƙasa. Hukumar jiha shawara kawai take iya bayarwa a kan rajistar. Mai tukunya daban, mai murhu daban. Muddin ɗaya bai shirya ba, ɗayan ba zai iya girki ba, kuma kundin bai faɗi abin da za a yi ba idan hakan ta faru.

Ta kuwa faru tun a gwajin farko. A Disamba 2001 aka sa hannu a Dokar Zaɓe ta 2001, wadda ta mayar da wa'adin ciyamomi da kansiloli shekara 4, don zaɓensu ya faɗo a 2003 tare da sauran. Jihohi 36 suka garzaya Kotun Ƙoli suna cewa wannan hurumin nasu ne. A ranar 28 ga Maris 2002 kotun ta yanke cewa Majalisar Tarayya ba ta da ikon ƙara wa majalisun ƙananan hukumomin jihohi wa'adi, sai dai na Babban Birnin Tarayya. A fuskar shari'a hukuncin ya bi abin da kundi ya rubuta. A aikace kuwa ya bar ƙasar da wata biyu kacal kafin kujeru sama da 700 na ciyamomi da dubban na kansiloli su zama babu kowa.

Aka sa ranar 18 ga Mayu 2002 don yin zaɓe. Nan take maganar rajista ta taso. Kundin masu zaɓe da ke hannu na 1998 ne. Duk yaron da ya cika shekara 18 a 1999 ko 2000 ko 2001 babu sunansa a ciki, haka wanda ya yi ƙaura, haka wanda bai samu yin rajista ba a wancan karon. Masu cewa a dakata suna da hujja mai ƙarfi, kuma hujjar ta kare haƙƙin ƙuri'a ce: ta yaya za a yi zaɓe a rufe ƙofa ga tarin matasan da doka ta ba dama? Ga kuma sababbin ƙungiyoyin siyasa da ke jiran rajista, suna cewa a jira su. Aka ɗage zuwa 10 ga Agusta. A tsakanin nan wa'adin zaɓaɓɓu ya cika a ƙarshen Mayu, kuma tunda ba za a rufe sakatariya a bar albashin malaman firamare da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi ba, sai jihohi suka kafa kwamitocin riƙo. An ce na ɗan lokaci ne, kafin Agusta.

Agusta ta zo, rajista ba ta kammala ba, aka sake ɗagewa. Sai a Satumba 2002 aka yi sabuwar rajistar. A Nuwamba Kotun Ƙoli ta sassauta sharuɗɗan rajistar jam'iyyu a ƙarar da Alhaji Balarabe Musa da wasu suka shigar, jam'iyyu suka kai 30. Daga nan hankalin kowa ya koma kan babban zaɓen Afrilu 2003. Bayan an gama shi, maimakon a juyo kan kansiloli, sai aka ce tsarin ƙananan hukumomin kansa yana buƙatar dubawa, aka kafa kwamiti a Yuni 2003 ƙarƙashin Etsu Nupe, Alhaji Umaru Sanda Ndayako. Allah ya yi masa rasuwa aikin bai ƙare ba, Malam Liman Ciroma ya ƙarasa. Sai ranar 27 ga Maris 2004 aka yi zaɓe a mafi yawan jihohi. Riƙon da aka ce na wata uku ne ya kusa cinye shekara biyu.

Abin da ke damuna a wannan labari shi ne, kowane ɗagewa yana da dalilin da mai hankali zai saurara. Rajista ta tsufa, gaskiya ne. Sababbin jam'iyyu na da haƙƙi, gaskiya ne. Tsarin na buƙatar gyara, shi ma gaskiya ne. Amma don kada a hana wasu matasa zaɓe, sai aka wayi gari kowa da kowa ya rasa, da tsohon da sunansa ke cikin rajista da yaron da ake cewa ana karewa. Wanda ya cika shekara 18 a 1999 bai taɓa zaɓar kansilansa ba sai yana da 23. Babu wata rana a doka da za a nuna a ce an tsallake ta, don haka babu wanda zai iya zuwa kotu ya ce ga wa'adin da aka karya. Kuma abin ya faru a ƙasar gaba ɗaya lokaci guda, ba tare da bambancin jam'iyya ko shiyya ba, shi ya sa ba wanda ya ga abin a matsayin baƙon abu. Rana ta fito ta faɗi, kasuwa ta ci, albashi ya fita. Mu ma jama'a muka koyi cewa ana iya zama babu kansila, kalmar kantoma da muka sani a zamanin soja ta dawo bakinmu a zamanin farar hula ba tare da mun ji nauyinta ba.

Daga 2004 kowace jiha ta kama gabanta. Wata ta rubuta shekara 3, wata 2, dokoki da yawa suka tanadi kwamitin riƙo idan zaɓe bai yiwu ba, kuma dalilan rashin yiwuwa ba sa ƙarewa: babu kuɗi, akwai ƙara a kotu, ana jiran rajista, babu tsaro. Wani dalilin ba wanda zai musa shi. A Borno, inda rikicin Boko Haram ya tashi garuruwa da dama, sai a Nuwamba 2020 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi bayan shekara 13. Wanda yake da shekara 17 a zaɓen baya ya kai 30 kafin ya ga akwatin kansila. Ko a irin wannan hali tambayar tana nan: idan an iya shirya wa 'yan gudun hijira rumfunan zaɓe a sansanoninsu don babban zaɓen 2015 da na 2019, me ya sa doka ba ta tilasta irin wannan ƙoƙari ga kujerar da ta fi kusa da su ba?

Akwai ma'auni a cikin gida. Ƙananan hukumomin Abuja shida, wato Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da ta birnin, dokar tarayya ce ta rubuta wa'adinsu, kuma hukuma ɗaya ce ke riƙe da rajista da akwati. An yi musu zaɓe a 2013, 2016, 2019 da 2022, kowanne a kan kari, kuma jam'iyyu daban-daban kan raba kujerun. Mutanen Kwali ba su fi na Gumel ko Illela son dimokuraɗiyya ba. Bambancin yana cikin abin da aka rubuta da abin da aka bari a buɗe.

Kotuna sun yi ta magana. A Disamba 2016 Kotun Ƙoli ta ce dokar da ta ba da damar rushe zaɓaɓɓiyar majalisa a maye gurbinta da naɗaɗɗu ta saɓa wa sashe na 7, ta kuma maimaita haka a 2021. Hukuncin Yuli 2024, wanda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta a madadin alƙalai bakwai, ya ƙara da cewa kason ƙananan hukumomi ya tafi musu kai tsaye, kuma kada a saki kuɗi ga wadda ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba. Wannan ya motsa ƙasa, jihohi da yawa suka yi zaɓe kafin ƙarshen 2024. Sai dai tsohon ciwon bai warke ba. A Ribas, gabanin zaɓen 5 ga Oktoba 2024, rigimar da ta kai kotu ta shafi miƙa rajistar masu zaɓe daga hukumar ƙasa zuwa ta jiha, wato dai maganar 2002 ce bayan shekara 22. A ranar 28 ga Fabrairu 2025 Kotun Ƙoli ta soke zaɓen saboda rashin cika sharuɗɗan Dokar Zaɓe, mutanen da suka fito suka jefa ƙuri'a suka koma jira har ƙarshen Agusta 2025.

Masu cewa zaɓen kansila ɓata kuɗi ne suna da abin da suke gani: sau da yawa jam'iyya ɗaya ke kwashe kujeru duka, mutane kaɗan ke fitowa. Ban raina wannan koke ba. Amma kansila shi ne zaɓaɓɓe ɗaya tilo da talaka ya san ƙofar gidansa, wanda za a tare a masallaci ko wurin suna a ce masa famfon unguwa ya lalace, rufin aji ya yaye, babu magani a asibitin gari. Wanda aka naɗa, ko da mutumin kirki ne, ba ƙuri'ar unguwar ce ta kawo shi ba, ba kuma ita za ta sauke shi ba. Kuma rashin fitowar jama'a bai rasa nasaba da shekarun da aka yi ana sa rana ana ɗagewa, har mutane suka daina yarda cewa ranar za ta zo.

A muhawarar gyaran kundin tsarin mulki an fi jin maganar kuɗi da asusun haɗin gwiwa na sashe na 162, da kuma ko a mayar da zaɓen hannun hukumar ƙasa ko a bar wa ta jiha. Hukuncin 2024 ya faɗi wanda ya cancanci riƙe ƙaramar hukuma da hanyar da kuɗinta zai bi. Kotu ba ta rubuta kundi, don haka sashe na 7 yana nan yadda yake a Maris 2002: babu adadin shekarun wa'adi, babu tazarar kwanakin da dole a yi zaɓe kafin wa'adi ya cika, babu kwana 30 na cike gurbin kansilan da ya rasu.