Kafin faya ta fashe: tambayoyin da masu ciki suka fi yi min ranar awo

Duk ranar awo in an gama lakca, sai kiga mata sun zagaye ni kowa da tata tambayar, wasu ma sai sun bari an watse tukun su raɗa min a kunne. Na jima ina aiki a ɗakin haihuwa nan Kaduna, kuma daga ƴar Rigasa har ƴar Unguwar Rimi tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Ga waɗanda suka fi dawowa.

Anti, an rubuta min ranar haihuwa a kati, in ta wuce fa?

Ranar nan kintace ce kawai. Ana ƙirga sati 40 daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, kuma daga sati 37 zuwa 42 duk lokacin haihuwa ne, kaɗan ne ke haihuwa daidai ranar da aka rubuta. Sikanin na farkon ciki shi ya fi faɗin gaskiyar kwanaki, shi yasa Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a fara awo cikin sati 12 na farko, a je aƙalla sau 8. Mu kuwa sai ciki ya shiga wata bakwai ake zuwa yankar kati. In kin kai sati 41 shiru, ki dawo a duba ki, wataƙila a tayar da naƙudar da magani ko ruwan naƙuda. Amma dan Allah kar ki yarda wani mai kemis ya ɗaura miki ruwan nan a gida, in ya yi yawa mahaifa fashewa take yi.

Ya zan gane naƙudar gaske ce?

Ta ƙarya ciki ne zai ɗaure ya saki, in kin kwanta ko kin canza zama ta lafa. Ta gaske kuwa ba ruwanta da kwanciyarki, tana zuwa a kan lokaci, tana ƙara ƙarfi, tazarar tana raguwa, baya da mara duk su ɗauka, wani lokaci kiga majina mai jini-jini. Aikinta buɗe bakin mahaifa ne har santimita 10, kuma a haihuwar fari abin yana jan lokaci, dan haka in mun duba mun ce saura kar ki ce mugunta ce. In faya ta fashe ki taho ko ba ciwo, ki kuma lura da kalar ruwan, in kore-kore ne jariri ya yi kashi a ciki, a gaya mana tun daga bakin ƙofa.

Sai maganar kunya. Na sha ganin yarinya mai cikin fari ta kwana tana murƙususu ta toshe baki da filo wai kar surukarta ta ji. Ƙanwata, kowa a gidan ya san yadda aka yi cikin, ki tada mutane.

Wane abu ne ba a jira gari ya waye?

Zubar jini ko yaya yake. Ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, wannan hawan jini ne da ke kaiwa ga jijjiga. Zazzaɓi mai zafi. Jariri ya rage motsi. Cibiya ko hannu ya riga fitowa. Ko ƙarfe biyun dare ne a fita.

Mamana ta haifi goma a ɗakinta, ni me zai kai ni asibiti?

Allah ya ƙara wa Mama lafiya, amma ki tambaye ta mata nawa ta sani da suka tafi wajen haihuwa, zata lissafo miki. Yawancin haihuwa lafiya take zuwa, wannan gaskiya ne, matsalar ita ce wadda zata rikice ba ta sallama. Babban abin da ke kashe mata jini ne bayan jariri ya fito. A asibiti cikin minti ɗaya muke yin allurar da ke matse mahaifa, mu ciro mabiyiya mu duba ko ta fito duka, in jini ya wuce rabin lita mun san an shiga haɗari mu fara aiki. A gida kuwa ana can ana guɗa ana wanke jariri, mai jego tana kwance jini na bin zani, sai ta ce jiri take ji sannan a fara neman mai keke.

Na biyu doguwar naƙuda. In kan yaro ya maƙale kwana da kwanaki yana danne mafitsara, naman wurin mutuwa yake yi, daga nan sai yoyon fitsari, yaron ma galibi ba a samunsa. In aka ƙara da yankan gishiri abin ya ƙara lalacewa. Ana gyarawa a asibitin Gambo Sawaba na Zariya da Babbar Ruga a Katsina, amma wa ke so a kai ga haka? Kar rana ta fito ta faɗi kina naƙuda a gida.

Masu tafiya goyon ciki, ki tafi da katinki da duk takardun gwaji, ki kuma san asibitin da ya fi kusa da gidanku tun kafin ranar.

Likita ya ce tiyata za a yi min, dangin miji sun ce ragwanci ne.

Toh wannan ita ce ta fi ci min rai. Ba a yin siyes, wato tiyatar haihuwa, dan jin daɗi. Ana yi in yaro ya kwanta a gicciye, ko mabiyiya ta tare bakin mahaifa, ko kan ya fi ƙarfin ƙugu, ko bugun zuciyar jariri ya fara sauka, ko jijjiga ta taso ba alamar haihuwa kusa. Wanne ne a ciki juriya zata gyara? Yawanci allurar baya ake yi, daga ciki zuwa ƙafa ya mutu, idonki biyu zaki ji kukan ɗanki, yankan kuma a ƙasan mara ne, washegari ma mu tashe ki ki taka.

Abin da na gani da idona shi ne jinkirin sa hannu ya fi wuƙar haɗari. Akwai daren da muka yi awa uku da wata baiwar Allah, an gama shirya ɗakin tiyata, miji yana hanya waya ba ta shiga, ƙanin miji ya ce shi ba zai ɗauki alhaki ba, uwar miji tana ta ba ta rubutu tana a ƙara haƙuri. Uwar ta rayu, yaron bai zo da rai ba. Dan haka ku zauna da maigida tun ciki na wata bakwai, ku yanke in ba ya nan wa zai tsaya, ya gaya wa mutumin da bakinsa.

Ki tambayi inda kike awo ko suna tiyata kuma suna da jini. Ƙananan asibitocin unguwa turawa suke yi zuwa irin su Barau Dikko, Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, Gwamna Awan a Kakuri, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya. A watan Nuwamba 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, ki tambaya ko asibitinki na cikin shirin, amma ki ajiye naki kuɗin a gefe.

In an yi min sau ɗaya shikenan kullum sai tiyata?

A'a. Da yawa suna haihuwa da kansu bayan guda ɗaya, in dalilin farko bai dawo ba kuma an ba da tazara kamar shekara biyu, amma a asibitin da ke da ɗakin tiyata, ba a gida ba. In sun kai biyu yawanci sa rana ake yi.

Ƙari fa, dole ne?

Ƙari, wato ɗan yankan da ake yi a gaban mace dan jariri ya samu hanya, ba kowa ake yi wa ba, sai in an ga buƙata, kuma ana kashe wurin da allura kafin ɗinki. In zafin naƙuda ya yi yawa ki faɗa, akwai allurar rage shi. Tafiya, jingina, a riƙa murza miki baya, duk suna taimakawa.

Me zan haɗa?

Kowane asibiti na da takardar kayansa, safar hannu, audugar mata, leda, zannuwa, kayan jariri, ki haɗa jaka tun wata takwas. Wanda ake mantawa shi ne lambar mai mota ko mai keke da zai ɗaga waya da tsakar dare, da mutum biyu da za su ba da jini. Malam, wannan naka ne, ba ragon suna kaɗai ba. Ki san rukunin jininki kuma, in negetif ne akwai allurar da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa dan kare cikin gaba.

Gwaggo ta tanadi itacen wankan jego da kanwa, in hana ta?

Ki lallaɓa ta dai. Wanka da ruwan ɗumi ba laifi, na tafasasshe da ake fyaɗawa da ganye har fata ta saɓule ne matsala, balle mai ɗinki. Kunun kanwa kuma gishiri ne ke cikinsa mai yawa, tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta shi, tare da kwanciya kan gadon wuta, da ciwon zuciyar masu jego. Mai hawan jini kam kar ta kusance shi, a dama mata na gyaɗa. Dakashin nan ruwan ɗorawa kar a matse a zubar, a sa jariri a nono cikin awa ɗaya. Cibi kuma man kulohezidin da muke bayarwa za a shafa, ban da man goge baki, ban da gashi da tsumma. In Gwaggo ta ƙi ji, ki zo da ita awo na gaba, ni zan yi mata magana.