Fina-finan dariya da hawaye kan iyali mai rikici: tambayoyi da amsoshi

Me ya bambanta fim mai zaman kansa da na manyan kamfanoni?

Bambancin yana farawa ne daga inda kuɗin shirya shi ya fito. Maimakon babban kamfanin Hollywood ya ɗauki nauyi, masu fim ɗin ne suke tara jari daga 'yan kasuwa da ƙananan kamfanoni, su kammala aikin, sannan su kai shi bikin baje kolin fina-finai da fatan samun mai saye. A Amurka, bikin Sundance, wanda aka daɗe ana yi a garin Park City na jihar Utah cikin watan Janairu, shi ne babbar kasuwar irin waɗannan fina-finai.

Me ya sa rikicin cikin gida ya mamaye labaransu?

Ƙarancin kuɗi yana da hannu, domin wanda ba shi da halin farfasa motoci ko ƙera birane da kwamfuta, abin da ya rage masa shi ne falo, teburin cin abinci da 'yan wasan da suka iya magana. Amma dalilin da ya fi nauyi shi ne cewa ba a zaɓen dangi. Mutum yana iya rabuwa da aboki, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma a wannan zaman dole ne marubuci yake samun abin dariya da abin kuka a lokaci guda.

Wane fim ne ya fi nuna wannan salo?

Mafi yawan masu sharhi za su ambaci Little Miss Sunshine na shekarar 2006. Iyali ne suka tashi daga Albuquerque zuwa Kalifoniya cikin tsohuwar bas ƙirar Volkswagen mai launin rawaya, domin kai 'yarsu mai shekara bakwai gasar kyau ta yara. Uban yana koyar da dabarun cin nasara alhali shi kansa bai ci ba, yayan yarinyar ya ɗauki alwashin daina magana, kawunta bai daɗe da yunƙurin kashe kansa ba, kakan kuma an kore shi daga gidan kula da tsofaffi saboda shan ƙwaya. Da kulocin motar ya lalace, sai ya zama ba ta tashi sai sun taru sun tura ta, kowa ya bi ta da gudu ya faɗa ciki. A ganina wannan turin mota ya faɗi abin da doguwar zantawa ba za ta faɗa ba: ba su shirya da juna ba, amma babu mai zuwa ko'ina shi kaɗai. An kashe kimanin dala miliyan 8 wajen shirya shi, ya tara kusan miliyan 100, ya kuma ci kyautar Oscar biyu.

Labarin Amurkawa kaɗai ake bayarwa?

A'a. Monsoon Wedding na Mira Nair, wanda ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na birnin Benis da ke Italiya a 2001, ya bankaɗo sirrin wani gida a Delhi ana tsakiyar hidimar biki. The Farewell na Lulu Wang kuwa, na 2019, labarin dangi ne da suka ɓoye wa kakarsu cewa tana da ciwon daji, suka shirya bikin aure a birnin Changchun na ƙasar Sin don kawai su samu hujjar taruwa a gabanta.

Shin da gaske waɗannan fina-finai suna zaman kansu?

Ba gaba ɗaya ba, kuma a nan masu suka suna da gaskiya. Nasarar da salon ya samu ta sa aka yi ta maimaita shi, har mai kallo ya fara hasashen uba mai karaya da yaro mai hali na daban tun kafin su bayyana. Haka nan kamfanin Fox Searchlight, wanda ya sayi Little Miss Sunshine a Sundance kan fiye da dala miliyan 10, a lokacin reshe ne na babban kamfanin Fox, kuma tun 2019 yana hannun Disney.