Tukunyar girki da jinin yaro: tambayoyin da iyaye ke yi a Damagaram

Tukunyar alminiyum da kowa ke girki da ita, ina laifinta?

Matsalar tana ga abin da aka narka aka zuba ta. Manyan tukwanen da ake saye a Kasuwar Dole da kasuwannin ƙauye, galibi maƙera ne ke ƙera su daga tarkace: gwangwanin lemu, sassan injin mota, radiyeta, tsofaffin kwanuka. Wasu daga cikin waɗannan na ɗauke da dalma, ƙarfe mai guba, kuma in suka narke tare ba mai iya raba su. Wani bincike da aka buga a 2014 kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna dalma na fita daga jikinsu idan an tafasa ruwa mai tsami a ciki. Ido ba ya ganin ta, harshe ba ya jin ta, tafasa kuma ba ta kashe ta.

Mu manya da ita muka tashi. Me ya sa ake tsoro ga yara?

Hanjin ƙaramin yaro na tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na abin da babba ke tsotsa, a faɗar Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan ta shiga jiki, tana hana ɓargo haɗa sinadarin ƙarfe cikin jajayen ƙwayoyin jini, sai jini ya ragu. Abin da ya fi tada hankali shi ne, yaron da sinadarin ƙarfe ya riga ya yi masa ƙaranci, hanjinsa ya fi jan dalma, domin ƙofa ɗaya suke bi. Ke nan yaron da zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki ko rashin abinci mai gina jiki ya raunana, shi ne ya fi cutuwa. Ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan girma, ɓarnar da aka yi mata ba ta cika gyaruwa ba. Hukumar ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira lafiya lau. In gwaji ya nuna ya kai mikirogiram 5 a desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) na jini, a nemo tushensa a kawar.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara kusan 400 suka rasu, ƙurar haƙar zinariya ce ta jawo shi. Ta tukunya kaɗan-kaɗan take taruwa, shi ya sa ake rena ta.

Wane girki ne ya fi fito da ita?

Mai tsami, mai daɗewa a wuta: miyar tumatir, miyar yakuwa, kunun tsamiya, zobo. Kanwa ma tana cin alminiyum. Barin abinci ya kwana a tukunya na ƙara yawan abin da ke zuba, haka ma gurza cikinta da yashi ko soson ƙarfe har ta yi fari fes, domin dushin nan da ake kankarewa shi ne ke ɗan kare ta. A wanke da sabulu da soso mai laushi.

To a koma ga wace tukunya?

Ba kowane gida ne zai iya sauya tukwanensa duka ba, don haka a fara da ta yaro. A ware masa ƙarama ta ƙarfe marar tsatsa ko ta ƙasa marar fenti, a riƙa dama kununsa a ciki. Tukunyar baƙin ƙarfe tana da amfani na musamman: tana sakin sinadarin ƙarfe a miya, kuma binciken da aka buga a 1999 daga Habasha ya nuna jinin yaran da aka ciyar daga cikinta ya ƙaru. A shanya ta bayan wanki, a shafa ɗan mai don kada ta yi tsatsa. Wadda cikinta ya yi ramuka ko aka like ta da dalma, a daina girki da ita. In dole ce sai ta alminiyum, a juye abinci da zarar ya dahu.

Yaya uwa za ta gane?

Sau da yawa ba alama. Wani lokaci tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari, yaro ya rage ci, ya yi ta rigima, ciki na ciwo, bayan gida ya ƙi fita. A kai shi cibiyar lafiya a auna jini. Ga ɗan shekara 2 zuwa 5, in himogulobin (sinadarin da ke sa jini ja) ya yi ƙasa da giram 11 a desilita, ƙarancin jini ne. A gaya wa likita irin tukunyar gidan, da ko akwai mai narkar da ƙarfe ko gyaran batir a gidan, domin ƙurar na bin tufafi. A ambaci kwalli ma, wasu irinsa na ɗauke da dalma mai yawa. Jijjiga ko suma kuwa, sai asibiti nan take.

Abinci na iya taimakawa?

Yana rage tsotsa. A ba shi hanta, nama, kifi, wake da zogale, a haɗa da gwaba ko lemu, ga nono saboda sinadarin ƙashi. Kada a ba shi shayi tare da abinci, yana tare sinadarin ƙarfe. Kada kuma ya wuni da yunwa, domin cikin da babu komai ya fi tsotsar dalma.