Tambayoyi kan matasa naƙasassu a Yamai: wa ke magana da bakinsu?

Me ake nufi idan aka ce matashi ya tsaya wa kansa?

Je ka likita a Yamai ka zauna kan benci. Saurayi makaho zai shigo, ƙaninsa na jan sanda, sai ka ji an juya wajen ɗan jagora ana tambaya: "Ina ke masa ciwo?" Ga mai ciwon nan tsaye, bakinsa garau. Ranar da ya ce "Malam, ni za ka tambaya", ya fara. Sauran duk a kan wannan ake ɗorawa: ya san abin da ke damunsa, ya san abin da yake buƙata, ya faɗa ba tare da roƙo ko faɗa ba.

Horon shugabanci ba baƙon abu ba ne a wurinmu?

A'a. Tun zamanin kakanni ƙasar Hausa na da sarkin makafi da sarkin guragu, masu sasanta rigima da raba abin da aka samu. Sai dai wancan shugabanci bara ya fi tsarawa. Horon yanzu yana koya wa matashi jagorantar taro, da rubuta wa magajin gari takarda, da riƙe asusun ƙungiya, da magana a rediyo ba kame-kame. A ganina riƙon asusun ya fi sauran wuya, don a nan ƙungiyoyi ke watsewa.

Doka na bayansu?

Tana nan. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 2006, Nijar ta amince da ita a 2008. Tun 1993 kuma dokar ƙasa ta ce ma'aikatar da ke da mutum 20 ko fiye ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, wato gurbi ɗaya cikin 20. Amma takarda ba ta da ƙafa. Wanda bai san da ita ba, a bakin ƙofa mai gadi zai miƙa masa sadaka ya sallame shi.

To bayan lakwal fa?

Nan gizo ke saƙa. Makafi na koyon rubutun Braille, wanda ake karantawa da taɓawar yatsa, a makarantar Soli Abdourahamane, kurame na da ta Hassane Bana Ba. Sai yaro ya gama, ya koma gida, kowa na yanke masa hukunci: sana'ar da zai yi, ko zai yi aure. Ƴan mata abin ya fi shafa, don su ko ƙofar gida ba a cika barinsu ba.

Iyaye me za su yi tun yanzu?

Su rage tausayin da ke ɗaure yaro. Inna ta ba ƴarta jika guda, ta raka ta kasuwar Katako, ta ja baya ta bar ta ta yi ciniki da kanta. Ko an cuce ta dala goma, a bar ta ta ƙirga canjinta.