Ciwon ƙoda a jikin kare

Ciwon ƙoda a jikin kare shi ne gazawar ƙoda wajen tace jini da daidaita ruwan jiki. Iri biyu ne: mai afkowa cikin kwanaki kaɗan, wanda akan warke idan an gaggauta magani, da mai cin jiki a hankali, wanda ba ya warkewa sai dai a rage masa gudu. Na biyun ya fi kama tsofaffin karnuka.

Alamomi

Alamar farko ita ce yawan shan ruwa da yawan fitsari, fitsarin kuma ya fito fari sal kamar ruwa. Likitocin dabbobi suna zargin matsala idan kare ya sha fiye da mililita 100 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, wato fiye da lita 2 ga kare mai kilo 20. A garuruwan Hausawan Sudan irin su Mai Wurno da ƙauyukan Gadarif wannan ma'auni yana ruɗarwa, domin da bazara zafi yakan haura digiri 40, lafiyayyen karen gadin gona ma ba ya barin bakin kwano. Abin lura shi ne ƙishirwar da ba ta raguwa da dare ko lokacin sanyi.

Daga nan sai rama, ƙin cin abinci, kasala da dusashewar gashi. Idan ciwon ya yi nisa kare yana amai, bakinsa yana zarni irin na fitsari, gyambo ya fito masa a harshe da dasashi. Dasashin kuma yakan koɗe, saboda ƙoda ce ke samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya yi jini. A nau'in gaggawa fitsari yakan ragu ko ya ɗauke gaba ɗaya, wannan kuwa ba ya jiran gobe.

Alamomin suna zuwa a makare. Sai kusan kashi 2 cikin 3 na aikin ƙoda ya lalace kafin fitsari ya tsinke ya zama kamar ruwa. Haka kuma ciwon suga da ruɓewar mahaifa a jikin karya suna kawo irin wannan ƙishirwa.

Musabbabai

Kaska tana kan gaba a ƙasashe masu zafi. Tana yaɗa ƙwayar Ehrlichia canis, wadda masana biyu 'yan Faransa, Donatien da Lestoquard, suka fara bayyanawa a Aljeriya a 1935. Cutar tana kawo zazzaɓi da haɓo, idan ta daɗe kuma tana iya taɓa ƙoda.

Cutar kala-azar, wadda ta yi katutu a Gadarif da bakin kogunan Atbara da Rahad, wani ɗan mitsitsin ƙudan yashi ne ke yaɗa ta, mai zama a baƙar ƙasa mai tsagewa inda aduwa take da yawa. An samu ƙwayar cutar a jikin karnuka a gabashin Sudan, kuma a ƙasashen bakin Bahar Rum gazawar ƙoda ce ta fi kashe karnukan da suka kamu. Ko kare ne babban ma'ajin cutar a Sudan, masana ba su daidaita ba.

Sai guba. Inabi da zabibi suna iya lalata ƙodar kare ko da kaɗan ya ci. Tun wajen 2021 ana zargin wani sinadari mai tsami da ke cikinsu, wanda akwai shi a tsamiya. Ruwan sanyaya injin mota mai ɗauke da etilin gilaikol yana kisa. Magungunan ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda wasu ke ba dabba da kyakkyawar niyya, suna cikin masu ɓarna. A 2007 karnuka da kyanwoyi da yawa sun mutu a Amurka bayan cin abincin kanti da aka gurɓata da wani sinadarin masana'anta mai suna melamin. Bugun zafin rana da cutar leptosipira, mai yaɗuwa ta fitsarin ɓera a ruwan kwance, su ma suna jawo nau'in gaggawa.

Gwaji

Ana auna kiriyatinin da yuriya a jini, wato dattin da ƙoda ke tacewa, a duba kaurin fitsari da furotin da ke zuba a cikinsa. Kiriyatinin ba ya hawa sosai sai an rasa kusan kashi 75 cikin 100 na aikin ƙoda, shi ya sa gwajin wani sinadarin jini mai suna SDMA, wanda kamfanin IDEXX ya fito da shi a 2015, ya samu karɓuwa, don yana riga shi nunawa. Ƙungiyar IRIS ta likitocin dabbobi masu nazarin ciwon ƙoda, wadda aka kafa a 1998, ta kasa ciwon mai daɗewa mataki 4.

Magani

Ƙarin ruwa, maganin amai, da abinci mai ƙarancin fosforas, wanda ke nufin rage ƙashi da kayan ciki. Ko da fitsari ya yi yawa, ba a hana karen ruwa. Wankin ƙoda ga dabbobi sai a manyan asibitoci ƙalilan a duniya.