Saƙon tsallake ma'ajiyar wucin gadi

Ma'ajiyar wucin gadi wuri ne da manhaja ke ajiye kwafin amsar da ta taɓa bayarwa, don kada ta koma rumbun bayanai duk lokacin da aka maimaita tambaya. Saƙon tsallakewa kuwa shi ne sanarwar da tsarin ke rubutawa idan buƙata ta wuce kai tsaye zuwa tushe ba tare da an leƙa ma'ajiyar ba. A manyan manhajojin kamfanoni, inda dubban ma'aikata ke neman rahoto iri ɗaya, yawan wannan saƙo kan zo tare da jinkiri da nauyi a kan saba, wato kwamfutar da ke amsa buƙatun.

Bambancinsa da rashin samu

Nan ne ake yawan kuskure. Idan Nginx, wata manhajar saba, ta rubuta MISS, an duba ne ba a samu kwafi ba. Idan ta rubuta BYPASS, ba a ma duba ba, domin wani sharaɗi na umarnin proxy_cache_bypass ya cika. Wato tsallakewa hukunci ne da wani ya yanke, ko mai tsara saba, ko manhajar da ke bayanta, ko mai aiko da buƙatar. Ƙa'idar intanet mai lamba RFC 9211 ta shekarar 2022 ta kawo kan saƙo (layin bayani da ke tafe da amsa) mai suna Cache-Status don fayyace haka: fwd=bypass na nufin an tsara ma'ajiyar ta ƙyale buƙatar, fwd=uri-miss kuma na nufin babu kwafi.

Dalilai

A ɓangaren HTTP, tsarin sadarwar shafukan yanar gizo, wanda RFC 9111 ke tsara dokokin ajiyarsa, amsa mai ɗauke da no-store ba a ajiye ta, mai ɗauke da private kuma ba ta zama a ma'ajiyar da jama'a ke rabawa. Varnish, wata manhajar ma'ajiyar wucin gadi, a tsarinta na asali, kan wuce da duk buƙatar da ta zo da Cookie (kuki, ɗan bayanin da shafi ke ajiyewa a na'urar maziyarci) ko Authorization (shaidar shiga), haka ma wadda ba GET ko HEAD ba, wato buƙatun karantawa kawai. Kuki guda da aka saka don ƙidaya maziyarta ya isa ya sa shafi dukansa ya daina cin moriyar ma'ajiya, kuma ana iya daɗewa ba a lura ba.

A rumbun bayanai kuwa, siffar tambayar ce kan jawo haka. A tsarin SAP na gudanar da kamfanoni, mai rubuta ABAP, yaren manhajar tsarin, na iya saka BYPASSING BUFFER da gangan, amma haɗa tebur da tebur ma yakan tsallake ma'ajiyar ko ba a nema ba. Rumbunan bayanai na Oracle da BigQuery ba sa ajiye sakamakon tambayar da ta dogara da lokacin yanzu, tunda amsar na canzawa kowace daƙiƙa.

Gano matsalar

Mataki na farko shi ne sanin wane mataki ne ya rubuta saƙon, domin buƙata ɗaya kan ratsa ma'ajiya biyu ko uku kafin ta isa tushe. Ana aika buƙatar sau biyu da curl, manhajar aika buƙata, a kwatanta kawunan saƙon, sannan a riƙa cire kuki da shaidar shiga ɗaya bayan ɗaya har BYPASS ya koma HIT, wato an samu kwafi. A SAP, ana bin sawun tambayoyi da kayan bincike mai suna ST05: tebur da ya kamata a karanta daga ma'ajiya amma ya bayyana a jerin SQL, wato tambayoyin da suka isa rumbun bayanai, to ana tsallake shi.

Ba kowane tsallakewa ne ake gyarawa ba. Takardar albashi, ragowar asusu, da duk amsar da ta shafi mutum ɗaya dole su wuce kai tsaye. Tilasta ajiye su don rage jinkiri na iya nuna wa wani ma'aikaci bayanan abokin aikinsa, ɓarnar da ta fi jinkirin muni nesa ba kusa ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba adireshin bayanan kowa da kowa da na mutum ɗaya, a cire kuki daga na farkon kawai.